Rufin Gangare

Mutanen Tsagwaro asalinsu fatake ne. Kakanninsu suka ɗauki fata da goro suka keta sahara suka nufi arewa, suka yi ta tafiya har rairayi ya ƙare duwatsu suka fara. Madugunsu ya rasu a can, raƙuma suka ƙi gaba suka ƙi baya, sai aka yada zango a gindin wani tsauni mai ruwa da ciyawa. Zangon nan shi ya zama gari, garin ya zama birni, har aka yi sarakuna tara. Harshensu bai sake ba, sallarsu ba ta sake ba, gininsu ma na soro ne da azara irin na gida. Abu guda suka tarar a can wanda kakanninsu ba su taɓa gani ba, dusar ƙanƙara. Wata huɗu cur take sauka kowace shekara. Wani lokacin ta kai ƙugu, wani lokacin a wayi gari sai an haƙa kafin ƙofa ta buɗu.

Da farko sun sha wuya a hannunta. Daga baya suka gane halinta, suka zauna lafiya da ita. Kafin ta zo an cika rumbu, an shanya nama, an shigo da awaki ɗakin ƙasa don ɗuminsu ya hau sama inda mutane ke kwana. In ta sauka babu noma babu fatauci, sai kaɗi da saƙa da hira a bakin murhu. Yawancin mutanen Tsagwaro ma a lokacin suke ƙiba.

Aiki biyu ne ba a wasa da su. Da zarar an ga kan tsauni ya yi fari, kowane ɗaki sai an kafa masa matokari, wato gungumen itace a tsaye a tsakar ɗaki yana tallafe da azara. Sannan duk safiyar da aka tashi aka ga ta sauka, kafin a karya kumallo sai an hau rufi da allon kwasa, wani faffaɗan allo mai mariƙi, an ture ta ƙasa. Wanda ya yi lalaci ba sai an kai shi gaban alƙali ba, rufinsa ne zai yi masa shari'a.

Mai sa ido a kan wannan duka shi ne Sarkin Magina, kuma a zamanin da muke magana Cindo ne ke riƙe da sarautar. Gajere ne kakkaura, ya ba hamsin baya, tafin hannunsa kamar bayan kada. Bai iya zaƙin baki ba. In ya ga aikin banza sai ya ce aikin banza ne, ko na ɗan sarki ne. Magina sittin ne a ƙarƙashinsa, ya san uban kowa da uwar kowa, da yawansu ma shi ya karɓa musu aure.

To, a shekara ta goma sha bakwai ta sarautar Sarki Mayana, sai Sarkin Malka ya yi musu kwaɗayi. Malka ƙasa ce ta zafi, tafiyar kwana shida in an gangara daga tsauni, mutanenta ba su san ƙanƙara ba sai a bakin matafiya. Sarkinsu yana son hanyar ayari da ta ratsa Tsagwaro, don haka ya ɗora wa Ƙaura Bagudu, shugaban mayaƙansa, yaƙi a ƙarshen kaka, ya ba shi mutum dubu biyu.

Birnin Tsagwaro kashi biyu ne. Akwai Gangare, inda kasuwa da yawancin gidaje suke, akwai kuma Tudu, can sama, inda fada da ganuwa da manyan rumbuna suke. Hanya ɗaya ce ta haɗa su. Da labarin yaƙi ya iso, Sarki Mayana ya sa aka kwashe mutane da dabbobi da hatsi aka hau Tudu. Ƙaura Bagudu ya shigo Gangare ya tarar da gari ba kowa, ya raba wa mayaƙansa gidaje yana murna. Kwana uku da shigowarsa ƙanƙara ta sauka, ta toshe hanyar da ya biyo. Ya shigo da ƙafarsa, Allah ya ja masa ƙofa.

Ranar tara da hawa Tudu Sarki ya tara majalisa. An hura wuta a tsakiyar zaure, kowa ya naɗe cikin bargon ulu. Madawaki Nagoma ya fara magana. Shi ne shugaban mayaƙa, dogo, mai zuciya, wanda zaman jira ke ci masa rai kamar ciwon haƙori.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, mai Tsagwaro da abin da ke cikinta. Baƙo yana kwana a ɗakunanmu, mu muna cunkushe a nan kamar kaji a akurki. Harawar dawaki ta kama hanyar ƙarewa. Doki in ya rame ba ya yaƙi, mahayinsa kuwa ya zama ɗan kallo. Shawarata a sauka jibi. Magina su shiga gaba da allunansu, su fasa mana hanya mai cin doki uku a jere har bakin Gangare. Sauran aikin a bar wa takobi."

 Cindo ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Ƙarshenta fili ne fetal, ba dutse ba itace, kibiya tana isa ko'ina. Mutum sittin riƙe da allo, ba garkuwa ba sulke, a gaban maharba ɗari biyar. Ko rabinsu ba za su dawo ba.

Liman ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai alama. Tun shekaranjiya hankakin Gangare suka taso gaba ɗaya suka dawo Tudu. Tsuntsu ba ya barin wuri a banza. Ina ganin nasara ta hauro wajenmu."

Cindo ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hankaka inda ake zubar da ƙanzo yake bi. Matanmu ne suka dawo nan."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarki Mayana, dattijo ne mai sanyin magana, ya dube shi ya ce, "Sarkin Magina, tunda bakinka ya buɗe, ƙarasa."

Cindo ya matso ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ni ban san yaƙi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Tun da mutanen nan suka shigo, sau biyu ƙanƙara ta sauka. A cikinku duk, wa ya hangi mutum ɗaya a kan rufi a Gangare?"



Ya ci gaba da cewa, "Ni kullum ina kan ganuwa ina kallo, ban ga ko ɗaya ba. Soro irin nasu ne, azara irin tasu ce, sun zaci sun san gidan. A ƙasarsu sau ɗaya ake hawa rufi a shekara, a yi yaɓe kafin damina, shi ke nan. Yanzu suna ciki sun hura wuta, wutar tana narkar da ta ƙasa, ruwa yana shiga ƙasar rufi, ta sama kuma tana ƙara nauyi. Ranka ya daɗe, a bar su. Gidajen za su yi mana yaƙin."

Madawaki ya yi dariya. "Ikon Allah! Ba kai ne kake cika baki a kasuwa ba, cewa ginin da ka ɗora wa hannu sai dai tsufa ya kayar da shi? Yau kuma kai ne mai yi masa fatan rushewa?"

Nan fa ya taɓa shi inda yake ciwo. Cindo ya ce, "Na faɗa, Madawaki. Maganar kasuwa ce. Ginina yana tsaye ne don matan garin nan suna hawa da sassafe su share shi. In ba su, da ni da ubana da kakana duk maƙaryata ne."

Wannan karon har Sarki sai da ya murmusa. Ya tambayi kwana nawa harawa za ta kai dawaki ba su faɗi ba, aka ce masa sha biyu. Sannan ya yanke.

"Sarkin Magina, na ba ka kwana goma sha biyu. In rufin Gangare ya sauko, Allah ya hutar da mu. In bai sauko ba, rana ta sha uku da hantsi kai da mutanenka za ku shiga gaba kamar yadda Madawaki ya tsara. Magana ta ƙare."

Aka ce, "Allah ya ƙara wa Zaki imani." Aka watse.

Zaman Tudu kuwa, in ba don tunanin yaƙi ba, da sai a ce zaman biki ne. Gida guda iyali huɗu, ɗumi ya yi yawa har ana cire bargo. Mata suka haɗa tukwane, kunun tsamiya ba ya sauka daga murhu. Tsofaffi suka sami masu sauraro. Waɗanda suka shekara ba sa ga-maciji a Gangare, sanyi ya sa su a tabarma ɗaya har suka manta abin da ya haɗa su. Kowace safiya Cindo ya zaga ya tabbatar an share rufin Tudu tas, sannan ya hau ganuwa ya zuba wa Gangare ido. Matarsa Kumatu ta biyo shi da ƙwaryar kunu.

Rana ta biyu ƙanƙara ta sauka. Ta biyar ta sauka, ta kwana ta wuni. Gidajen Gangare suka yi rawani fari, kowanne ya fi na liman girma. Ba wanda ya hau.

Kumatu ta ce, "Dubi ɗakina. Shekara ashirin da shida ban taɓa barin ta kai tsawon yatsa a kansa ba."

"Zan gina miki wani."

"Haka ka ce a kan madafi, shekara huɗu ke nan. Sha kununka kafin ya daskare."

Rana ta bakwai aka hango mutum uku suna haurowa da farar tuta, suna nutsewa suna fita. Jakadan Ƙaura ne da masu rakiya. Tafiyar da ba ta kai a sha fura ba ta cinye musu rabin wuni. Aka shigar da jakada zaure, riga uku a jikinsa, ƙafafunsa naɗe da tsumma, gemunsa ya yi ƙanƙara. Sarki ya sa aka fara ba shi romo mai zafi, don a Tsagwaro ba a sauraron baƙo yana rawar ɗari, ko maƙiyi ne.

Da jikinsa ya dawo, sai ya miƙe ya baza riga. "Saƙo daga Ƙaura Bagudu, takobin Sarkin Malka, guguwar da ba ta tambayar hanya, zuwa ga Mayana mai Tsagwaro. Garinka yana hannunmu, kasuwarka turken dawakinmu ce. Ka sauko ka yi mubaya'a, a bar maka rawaninka da iyalinka. In ka ƙi, muna nan. Muna da guzuri, muna da ɗumi, ba ma gaggawa."

Cindo yana zaune kusa da ƙofa, hancinsa ya kama wani ƙamshi a rigar jakada. Ƙamshin hayaƙin itacen tsauni ne, wanda ya shekara da shekaru yana bushewa. Ba a ƙona irinsa a Tsagwaro, gini ake yi da shi. Bai jira an ba shi izini ba, ya ce, "Kai baƙo, wane itace kuke hurawa?"

Jakada ya kalle shi a wulaƙance, sannan ya yi dariya. "Af, ka tuna mini. Ƙaura ya ce a yi muku godiya. Duk ɗakin da muka shiga mun tarar da busasshen gungume a tsaye a tsakiya, kamar kun san za ku yi baƙi. Sai sara kawai. Da wasu alluna masu mariƙi, su suka fi saurin kamawa."

Ba wanda ya ɗaga kai a zauren. Kowa yana tsoron kada fuskarsa ta tona shi. Cindo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, jakada ya zaci baƙin ciki ne. Rabinsa kuwa baƙin cikin ne, don a cikin matokaran nan akwai waɗanda kakansa ya sassaƙa.

Sarki ya ce, "Ka gaida Ƙaura. Ka ce masa mun ji, kuma mu ma ba ma gaggawa." Ya sa aka ba jakada takalman fata masu gashi a ciki, aka raka shi ƙofa.

Cindo ya koma gida ranar yana jin kamar an sauke masa kaya. Amma Allah bai nufa abin ya zo da sauƙi ba. Daga rana ta takwas sama ta washe, ɗari ya sauko irin wanda in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Ƙasar rufi ta daskare ta koma dutse. Rufin da ya daskare kuwa ba ya faɗuwa, ko da giwa a kansa. Abin da Cindo ke jira shi ne iskar kudu, wata iska mai ɗumi da kan zo sau ɗaya ko biyu a tsakiyar ɗari, ta jiƙa ƙanƙara ta ninka nauyinta, ta saki ƙasa. Amma iska ba ta amsa kiran Sarkin Magina.

Tara, goma, sha ɗaya. Madawaki ya sa ana wasa takubba a inda Cindo zai riƙa jin ƙararsu. Magina suka fara zuwa wurinsa ɗaya-ɗaya, wannan ya ce in ta Allah ta kasance a riƙe masa 'ya'yansa, wancan ya ce a ba ƙaninsa kayan aikinsa. Tsoho Jatau, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya ce, "Sarkin Magina, ni dai roƙona ɗaya. In an kashe ni kada a bar surukina ya haƙa mini kabari. Ka san layinsa ba ya miƙewa."

Cindo ya yi dariya, amma ranar bai ci tuwo ba.

Rana ta sha biyu da la'asar yana zaune ya tasa murhu a gaba, Kumatu ta zo ta miƙa masa ƙoƙon gishiri. "Taɓa."

Ya sa yatsa. Gishirin ya yi danshi, yana manne wa hannu.

Ta ce, "Zaren da nake kaɗi ma tun azahar bai tsinke ba. Iskar kudu tana tafe, maigida. Gobe ko jibi."

"Jibi ba ta da amfani a wurina."

Ya tashi ya tafi fada ya roƙi kwana ɗaya. Sarki ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Cindo, in na ƙara maka rana a kan danshin gishiri, gobe wani zai zo da mafarki. Doki biyu sun riga sun faɗi. Na yanke a gaban majalisa, ba zan kwance a bayanta ba. Allah ya tsare ka da mutanenka."

Rana ta sha uku da hantsi aka buɗe ƙofar Tudu. Magina sittin a gaba da allunansu, bayansu 'yan baka, bayansu dawaki. Sama ta yi gajimare, iska ba ta motsi. Cindo ya tofa yawu a tafin hannu ya ce, "Bismillahi. Ku saurara. An ce doki uku a jere. Doki uku za a yi wa hanya, ba biyu da rabi ba. A kwashe har a ga ƙasa, a daddaɓe gefe da gefe kamar bangon ɗaki. Wanda ya yi mini aikin gaggawa sai ya sake."

Magina suka dubi juna, suka gane. Aka kama aiki, irin aikin da ake yi wa gidan sarki. Kowane taku goma Cindo ya tsaya ya auna faɗi da igiya. Inda ya ga ya karkace ya sa a rushe a sake.

Rana ta ɗaga, ba a ci sulusin hanya ba. Madawaki ya ratso da doki, idonsa jawur. "Sarkin Magina, hanya na ce ka fasa ko masallaci na ce ka gina?"

"Hanya, Madawaki. In gefen nan ya rufta da dawakinka a tsakiya, wa za a zaga? Ni."

"Na rantse in ba ka ɗaga hannu ba, da kai zan fara kafin in kai ga Bagudu!"

"To sai ka karɓi allon ka ƙarasa."

Madawaki ya ja linzami ya koma yana huci. Cindo ya sunkuya zai ɗauki igiyarsa, sai ya ji wani abu ya ɗiga masa a bayan hannu. Ruwa ne, daga gemunsa. Ya miƙe tsaye. Wata iska ta shafi ƙeyarsa, mai laushi kamar numfashin saniya. Ya dubi allon Jatau, ƙanƙarar da ke kai ta daina zubewa kamar gari, ta dunƙule tana manne wa itace.

Jatau ya ce a hankali, "Ta iso."

"Ta iso, amma tana son lokaci. Auna mini nan kuma."

Ya ja aikin iyakar yadda zai jawu. Amma hanya komai tsawonta tana da ƙarshe. Azahar ta gota suka fito fili, gidajen Gangare na farko suna gabansu. Aka buga ganga a ciki, kibau suka fara tasowa. Sai dai magina suna cikin ramin hanyar da suka fasa, bangon ƙanƙara ya fi tsayin mutum dama da hagu, maharban Malka da ke ƙasa ba sa ganin kowa. Duk da haka wata ta sami Jatau a kafaɗa, wata ta tsaya a cinyar wani. Cindo ya ce a ɗaga alluna a kai. Ya leƙa ta gefen nasa. Gidaje suna nan tsaye, ko ɗaya bai motsa ba. Ruwa dai yana zuba ta indararo.

Sai ya ji an yi kira da babbar murya daga cikin gari. Ƙaura Bagudu ne a kan doki, yana nuna sama da takobi. Abin da kowane shugaban yaƙi zai yi a ƙasarsu shi ya yi: ba a ganin abokan gaba daga ƙasa, to a hau sama a harbo su. Tsani ya fara jingina da bango. Maharba suka yi ta hawa, goma a wannan rufi, ashirin a wancan, suna nutsewa har gwiwa, suna gyara tsayuwa, suna ɗana kibau. Daga can sama magina suna fili kamar awaki a garke.

Cindo ya runtse ido ya ce, "Ya Allah, ka sa in zama maƙaryacin magini yau."

Na farko da ya tafi gidan Sarkin Pawa ne. An ji azara ta yi ƙara kamar an karya ƙashin raƙumi, sannan rufin ya lotsa a tsakiya ya haɗiye mutum ashirin da ke kansa, farin hayaƙi ya tashi. Na kusa da shi ya bi. Waɗanda ke kan sauran gidaje suka ruɗe suka ruga gefe guda za su dira, nauyinsu ya taru, su ma suka tafi. Daga nan sai abin ya zama kamar aradu tana bin layi. Rumfunan kasuwa da aka ɗaure dawakin Malka suka zube. Mutane suna fitowa daga ɗakuna ba takobi ba takalmi, suna faɗawa ƙanƙara har ƙirji.

Madawaki ya daka tsawa, magina suka manne da bango, dawaki suka wuce uku-uku a kan hanyar da ba ta rufta ba ko taku ɗaya. Yaƙin bai kai a dafa kunu ba. Mutumin da ke nutse har ƙirji ba ya sara. Waɗanda suka rage suka bi Ƙaura suka shige Soron Kasuwa, babban zauren da mahaifin Cindo ya gina da bakan gizo, wato rufi mai tanƙwara, wanda ba ya bukatar matokari. Shi kaɗai ya rage a tsaye a unguwar. Kafin la'asar suka turo farar tuta.

Cindo bai ga wannan ba. Yana bin mutanensa yana kiran suna ɗaya-ɗaya. Ya kai sittin, kowa ya amsa. Huɗu ne da rauni. Jatau yana zaune an ɗaure masa kafaɗa, yana cewa a gaya wa surukinsa ya ajiye fartanya. Cindo ya zauna a kan ƙanƙara daɓas.

Can aka zo kiransa, Sarki ya sauko. Ya tarar da Ƙaura Bagudu a durƙushe a ƙofar Soron Kasuwa, takobinsa a ƙasa, bayansa mutane fiye da dubu. Madawaki yana cewa a kora su hanyar da suka biyo, ƙanƙara ta ƙarasa aikinta.

Sarki ya ce, "Sarkin Magina, yaƙin naka ne. Me ka gani?"

 Cindo ya karkata kunne. Daga ƙarƙashin ɓaraguzan gidan da ke kusa ana jin murya, wani yana kiran sunan Allah, wani yana kiran uwarsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gida ɗari uku ne a ƙasa, ni kuma hannu sittin gare ni. A ba ni mutanen Malka nan. In bazara ta yi ƙasa ta kwaɓu, wanda ya rushe shi zai gina, sannan ya tafi garinsu. Amma yanzu akwai masu rai a ƙarƙashin nan, kuma in rana ta faɗi ɗari zai dawo."

Sarki ya dubi Madawaki. Madawaki ya dubi hanyar da dawakinsa suka biyo, ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da takobi kube.

Sarki ya ce, "An ba ka. Daga yau har bazara, da Ƙaura da rundunarsa suna ƙarƙashin Sarkin Magina."

Ƙaura Bagudu ya ɗago kai ya dubi gajeren mutumin da ke gabansa, riga duk taɓo, gemu yana ɗigar ruwa. Ya ce, "Kai ne ka cinye ni?"

"Ni ban taɓa ka ba. Ka taɓa riƙe fartanya?"

"Ban taɓa ba."

Cindo ya karɓi ɗaya daga hannun wani magini ya jefa masa a gaba. "Yau za ka koya. Mutanenka ne a ciki. Fara daga inda ake kira, kuma a hankali, kada ka sare wa wani kai."

Ƙaura ya kwance sulkensa ya ajiye a gefe, ya ɗauki fartanya.